Babi na Bakwai: Zo Nan, Tsaya Nan

Kafin mu yi nisa, mai karatu, ɗaga murya ka faɗi jimla biyu kamar da ɗanka kake magana. Ta farko: "Zo nan." A ta biyu kuwa ka ƙaddara yaron yana tsallaken babban titin da ya ratsa Birnin Kudu, ga tirela ta taso daga wajen Kano, shi kuma ya hango ka yana shirin ƙetarowa a guje: "Tsaya nan!" Maimaita su, ka kasa kunne ga bakinka. A ta farko muryarka ta hau kan kalmar sannan ta gangaro. A ta biyu ta hau ta tsaya a sama cak, ba ta sauko ba. Haruffa uku ne iri ɗaya a takarda, amma wuri biyu ka nuna. Na farko inda kai kake, na biyu inda shi yake. Da yaron zai ɗauki na biyu a matsayin na farko, da titi zai faɗo.

Ba ya ɗauka kuwa. Ɗan shekara huɗu a Sundimina ko Kila ya riga ya san wannan bambanci, alhali ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ba. Abin da ke damuna shi ne, bayan ya girma ya gama firamare da sakandare, in ka tambaye shi kalmomi nawa Hausa take nuna wuri da su, biyu zai ce maka: nan da can. Kunnensa ya san huɗu, bakinsa yana furta huɗun kullum, amma biyu aka rubuta masa a allo, a kan biyun ya tsaya.

Domin mu gane juna, a wannan babi zan ɗora wa mai gangarowa 'yar hula, in rubuta nân da cân. Wadda muryarta ta tsaya a sama zan bar ta ba hula, nan da can. Masu nazarin harshe suna kiran wannan hawa da sauka na murya karin sauti, su kuma kalmomin suna cikin ajin da ake kira bayanau na wuri.

Duwatsun Birnin Kudu wuri ne da za ka ji duka huɗun cikin minti ɗaya. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da can suka bari, waɗanda Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, tare da duwatsun da ake bugawa su yi amon kuge. Ka ƙaddara wani saurayi ɗan gari ya kai baƙo ya gani. Ya matsa jikin dutsen ya ce, "Malam, ga saniya ɗaya nân." Ya waiwayo ya ce, "Duba nan saitin kafaɗarka, akwai wata." Ya ɗaga hannu: "Ga wata cân kusa da tsagar nan." Da baƙon ya tambayi sauran, sai ya ce, "Ai suna can ɗaya dutsen, sai mun taka." In tafiyar da nisa, har jan kalmar zai yi, ya ce caaan, ya haɗa da turo baki.

Dubi abin da saurayin ya auna da shi. Bai ƙirga taku ba. Da kansa da baƙonsa ya yi awo. Nân wurina ne. Nan wurinka ne. Cân ba wurina ba ne, ba wurinka ba, amma muna iya dubawa tare. Can ya bar mu duka biyun. Saniyar da ke saitin kafaɗar baƙo tana iya fin ta kusa da tsaga nisa daga mai magana, in baƙon ya tsaya daga baya, kuma duk da haka nan za a ce mata, domin tana wurin abokin magana.

An daɗe ana bayyana kalmomin nan a littattafan nahawu da nisa da kusa kawai, da abin da ido yake gani da wanda ba ya gani. A shekarar 1994 Philip Jaggar na Jami'ar Landan da Malami Buba suka wallafa wata maƙala a mujallar Language Sciences a kan nan da can, inda suka nuna cewa tsarin ya ginu ne a kan masu magana: mai faɗa, mai sauraro, da abin da ke wajensu. Babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman da ya fito a 2000 ma gida huɗu ya raba su. Ba Hausa kaɗai ke da irin wannan ba. Mutumin Japan yana cewa koko ga wurinsa, soko ga wurin abokin maganarsa, asoko ga inda ya yi musu nisa su biyu. Wanda ya yi karatun zaure ya san huna da hunaka da hunalika, kuma ya san malaman nahawun Larabci suna kiran kafin da ke ƙarshen hunaka kaful hiɗabi, wato harafin wanda ake yi wa magana. Larabawa da harafi suka shigo da mai sauraro cikin kalmar. Mu da murya muka shigo da shi, ita kuwa murya alƙalami ba ya kama ta.

Haka abin yake a wannan da wancan. Je ka kasuwar Sara a ƙasar Gwaram ka tsaya a layin hatsi. Mai saye ya dafa buhun gero ya ce, "Alhaji, nawa wannan?" Gaɓar farko tana sama, ta biyu ta faɗi ƙasa. Ya janye hannu ya nuna buhun da Alhajin yake jingine da shi: "To wannan fa?" Yanzu gaɓar farko ce a ƙasa, ta biyu a sama. Alhaji ba zai ce wanne ba. Ya ji, zai buga buhun bayansa ya faɗi kuɗi. Sakkwatawa sun huta da rabin wannan aiki a rubuce, domin su na kusa da su wanga ne da wagga da waɗanga, gidan ga da rigar ga, ba ya haɗuwa da na wurinka ko a takarda.

Kada wani ya ɗauka nân yana da iyaka ƙayyadajjiya. Yana iya zama tafin hannu, yana iya zama ɗaki, yana iya zama duniya baki ɗaya, kamar yadda ake cewa babu abin da wance take so nân duniya irin ɗanta. Ka tare mutum a tashar Birnin Kudu ka ce, "Yaya, sai ina?" Ya ce, "Nân Babaldu zan je in dawo." Ba a Babaldu yake ba, amma ya jawo ta jikinsa don ya nuna maka tafiyar ba wata tafiya ba ce. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agustan 1991, takardar da a da sai an kai ta can Kano, tafiyar sama da kilomita 100, ta koma ta nân Dutse. Ɗan ci-ranin Gwaram da ke Legas ko Fatakwal kuwa, garin da aka binne cibiyarsa ya zama can gida, yana aika kuɗi can gida, yana tambayar ko an yi shuka can gida. Sunan Birnin Kudu kansa yana tuna mana cewa kowane nuni da inda mai nunin ya tsaya: ga Bakano kudu ne, ga mutumin Ningi kuwa arewa da shi garin yake.

Waya ta ƙara wa nan na wurinka aiki. Uwa a Basirka ta kira ɗanta da ke Kaduna ta ce, "An yi ruwa nan wajenku?" Tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce, ba ta ganinsa, ba ta taɓa zuwa unguwar da yake ba. Tana iya cewa can wajenku, ba ta yi kuskure ba. Amma in ta zaɓi nan, ta ajiye shi gabanta ne kamar a tabarma ɗaya suke. Duk mai kunnen Hausa yana jin ɗumin da ke cikin ɗaya, da 'yar tazarar da ke cikin ɗayar.

Akwai wani aikin da wannan nan ɗin yake yi wanda ya fi kowanne yawa a bakinmu. Mutum yana zaune a Gwaram yana ba da labari: "Na je Dutse, magariba ta yi mini, a nan na kwana." Dutse ba wurinsa ba ce yanzu, ba kuma wurin mai sauraro ba. Amma ya riga ya ambace ta, ya sa ta a kunnenka, ta zama abin da ke hannunka. Saboda haka ta samu nan. Da wannan ne muke cewa mutumin nan da muka haɗu da shi jiya, maganar nan da na gaya maka, Baturen nan da na ambata ɗazu. Ma'anarsa, ka san wanda nake nufi. Daga wuri ya koma nuna abin da mutum biyu suka yi tarayya a saninsa.

Daga nan sai lokaci. Har jimlar da na fara yanzu shaida ce, domin "daga nan" ba wani wuri na tashi ba. Nân gaba za a gyara hanya. Nân da kwana uku zan biya ka. Waɗannan daga inda muke tsaye a yau ake auna su, shi ya sa suka ɗauki nân na wurina. Amma in ana ba da labari, aka ce nan take ya faɗi, ko nan da nan gari ya ɗauka, muryar sama take tsayawa, domin lokacin da labari ya kai mu ake nufi. Sannan da muke rubutawa a haɗe, sa'an nan ce ta tsuke. Can kuma ta ɗauki nisan zamani ta kowane ɓangare: da can ana noman auduga sosai, can cikin dare aka ji ihu, can sai ga shi ya dawo. Wannan ta ƙarshe mai daɗi ce a bakin mai labari, domin ita kaɗai ta isa ta nuna an yi jira har an fara gajiya. Kakanninmu da nan suke buɗe tatsuniya, su ce ga ta nan ga ta nanku, in kuma suna so kwanaki su shuɗe ba tare da an ƙirga su ba, su ce ana nan ana nan, sai wata rana.

Inda na fi so mu daɗe shi ne "yana nan". Ban san wata gajeriyar magana da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamarta ba. Ka yi sallama a ƙofar gida ka ce, "Maigidan yana nan?" Wannan tambayar wuri ce. Ka haɗu da abokin da kuka rabu shekara goma ka ce, "Inna tana nan kuwa?" Wannan tambayar rai ce, an lulluɓe ta don kada a ambaci mutuwa da baki. In ya ce tana nan da ranta, ko tana nan garau, sai ka yi hamdala. In ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ka samu amsa, sai ta'aziyya. Masu jinya da ke kwana a harabar asibitin tarayya na Birnin Kudu sun san wata amsar. A ce, "Ya mai jiki?" In an ce da sauƙi, al'ada ce, ko ana jin jiki haka za a ce. In aka ce "Yana nan dai," to a ƙara addu'a. Wannan "dai" ɗin da nan ɗin sun faɗi abin da ba a so a faɗa a gaban mara lafiya.

Sai kuma amana. "Maganarmu tana nan" na nufin ban canja ba. "Kuɗinka suna nan" na nufin ban ci ba, ko da kuɗin suna banki a Dutse. "Yana nan yadda ka san shi" hukunci ne a kan hali, yabo ko suka, gwargwadon fuskar mai faɗa. "Ina nan tafe" kuwa mai faɗarta yana hanya ko bai ma taso ba, amma ya ba ka tabbacin zuwansa yana tsaye. A duk waɗannan, kasancewa nan ita ce ɗorewa: abu bai gushe ba, bai lalace ba, bai juya baya ba. Idan kuma magana ta kai ƙarshe, da nan ake rufe ta, a ce shi ke nan. Mai ciniki ya faɗe ta an shirya, mai fushi ya faɗe ta an ɓata, wanda aka yi wa rasuwa ya faɗe ta ya sallama wa Allah.

Can ita ce hannun da muke ture mutum da shi. "Matsa can." "Je ka can ka ƙarata." "Can ta matse musu." "Can da yawarka." Ba a nuna wani wuri a cikinsu, cire mutum ake yi daga da'irar ni da kai. A ce "wani can ya zo yana gaya mana magana," an riga an gama da shi kafin a faɗi abin da ya ce. Matar da ta kira abokiyar zamanta waccan, alhali ɗakunansu suna jere, kowa ya san ba nisan ɗaki take aunawa ba. Karin magana ya ce can ga su gada, zomo ya ji kiɗan farauta, wato matsalar ta wasu ce. Iyaye su lura da wannan a bakin 'ya'yansu. Yaron da ya fara kiran 'yan uwansa na ɗaya ɗakin su wancan, akwai abin da ya ji a gida. Amma ba kullum can take kora ba. Ita ce kuma ta zurfi da ɓoye, can cikin zuciya, can ƙasan rijiya, can ƙuryar ɗaki, kuma da ita muke nuna lahira idan muka ce Allah ya sa can ta fi nân.

Yanzu mu koma aji. Birnin Kudu gari ne da ya daɗe da boko. Kwalejin Gwamnati da ke garin ta yaye mutane da yawa, cikinsu har da Aliko Ɗangote. Ana koyar da Turanci a wannan yanki tun kafin a haifi yawancin malaman yau. To amma a ko'ina a ƙasar Hausa darasin farko iri ɗaya ne: here shi ne nan, there shi ne can, a maimaita. Rabin gaskiya ne. Turancin yau gida biyu gare shi. Here ya yi daidai da nân kaɗai. Sauran ukun, nan na wurinka da cân da can, duk there ya kwashe su, tun da yonder ta tsufa ba a cika jin ta ba. Saboda haka "Tsaya nan" da muka fara da ita, a Turanci stay there ce. Ɗalibin da ya haddace darasin allo zai ce stay here, ya kira yaron zuwa wurinsa alhali so yake ya tsaya inda yake. "Na je Dutse, a nan na kwana" ma there take buƙata. Mai gyaran takardar jarrabawa zai ja jan biro ya ce yaron bai iya Turanci ba. Ni kuwa ina ganin Hausarsa ce ba a buɗe masa ba. Da an nuna masa nan biyu ne a bakinsa, da ya san wanne ya tafi ina.

Akwai kuma there da ba ta nuna wuri ko kaɗan, wadda take buɗe jimla kamar there is water ko there is no light. Wannan akwai ce da babu. Yaron da aka ce masa there can ce, zai tsaya neman inda ruwan yake. Abin sha'awa, inda Bature ya ce there and then, mu nan take muke cewa, kuma nan ɗin mai tsayawa sama ce, wadda dama ita ce ƙawar there. Harsunan biyu sun yi daidai a wurin, darasin allo ne ya raba su.

Me ya sa aka ɓoye mana? Rubutu ne. Tun ƙa'idojin da Hanns Vischer ya tsara a 1912, da gyaran da ya kawo haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, rubutun boko na yau da kullum bai taɓa nuna karin sauti ba. Ajami yana nuna tsawon wasali, amma shi ma bai nuna hawa da saukar murya ba. Ƙamusoshi irin na R. C. Abraham na 1949 sun sa alamomin, sai dai jarida da littafin makaranta ba su ɗauka ba. Ba na cikin masu cewa a cika kowane shafi da huluna da ɗigogi. Bahaushe yana karanta jaridarsa lafiya tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, domin jimla takan nuna masa muryar da zai ɗauka. Amma akwai inda jimla ba ta isa ba. Saƙon waya da ya ce "ajiye kayan nan" yana iya nufin kayan da muka yi magana, ko ka ajiye su inda kake, ko ka kawo su inda nake. A baki ba a ruɗewa. A rubuce sai marubuci ya biya bashin da murya ta bari, ya ce nan inda kake, ko nan wurina. Mai rubuta labari da mai fassara da mai rubuta takardar yarjejeniyar gona duk suna buƙatar wannan kulawa, musamman na ƙarshen, domin "daga nan zuwa can" ba iyaka ba ce da alƙali zai iya aiki da ita.

Roƙona ga malaman Hausa da na Turanci a makarantun Birnin Kudu da Gwaram da sauran ƙasar Hausa ƙarami ne, ba ya cin kuɗi. Ku ware darasi ɗaya. Ku fitar da yara biyu gaban aji, ku ba su littafi, ɗaya ya riƙa ba da umarni ɗayan yana ajiyewa: nân, nan, cân, can. Ku bar sauran su faɗi abin da kunnensu ya ji kafin ku rubuta komai a allo. Bayan sun gano huɗun da kansu, sannan ku kawo here da there ku tambaye su yadda za a raba huɗu a gida biyu.